Ɗorawar Gwaggo a Taswirata

Ɗorawar tana tsakiyar gonar Baffa, yayan mahaifina, amma ba tasa ba ce. Ta Gwaggo ce, autarsu. A ƙauyenmu, kusa da Zakirai, inda gona ke manne da gona sai layin gamba ya raba su, wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙasa da mai ita, itacen da ke kanta ma da mai shi. Mutum zai tsufa yana noma gero a gindin kukar da ba shi da ikon tsinkar ganyenta sai ya nemi izini. Kakanmu ne ya ba Gwaggo ɗorawar da baki lokacin aurenta, don ta riƙa samun na sabulu. Da aka raba gado gonar ta faɗa hannun Baffa, itacen ya ci gaba da zama nata. Kowa a garin ya san haka, har ni da aka haifa bayan an yi abin da shekaru.

Na tashi na tarar da Gwaggo a gidanmu, mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure can wajen Shanono. Sana'arta daddawa. In bazara ta yi, 'ya'yan ɗorawa suka bushe, sai ta ɗauki doguwar gorarta mai ƙugiya ta nufi gona tun rana ba ta yi zafi ba. Garin da ke cikin 'ya'yan namu ne yara, mu sha mu ɓata baki da riga. Ɓawon masu daɓe su zo su karɓa. Kalwa, ƙwayar da ke ciki, ita ce dukiyar. Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe da buhu a ƙuryar ɗaki har sai warin ya kori baƙo daga zaure. Mu muna toshe hanci, ita tana cewa duk wanda ya toshe kada ya miƙo kwanonsa in an yi miya. Da ɗorawar nan take ci, take sutura, take biki, take ba mu na alewa. Ban taɓa ganin ta miƙa wa ɗan'uwa hannu ba, kuma tana ji da wannan ba kaɗan ba.

Baffa kuwa ko wanda iska ta kaɗo ƙasa ba ya bari mu tsinta. In ya gan mu mun doshi gindin sai ya daka tsawa daga inda yake noma, ya ce mu bari Gwaggonmu ta zo.

Taswira a wajen aiki na koye ta. Na yi shekaru ina aikin rigakafi, aka ba mu waya aka ce duk rugar da muka shiga, duk unguwar da ba a san da ita ba, mu tsaya mu danna, ɗigo ya fito a inda muke. Daga baya na gane mutum zai iya yin tasa taswirar: ya sa ɗigo, ya ba shi suna, ya maƙala hoto, har da murya, sannan ya tura wa wanda ya ga dama. Ni kuma Allah ya yi ni da rawar kai. In na koyi abu, sai na gallabi kowa da shi.

Abin da ya tunzura ni wani musu ne a guruf ɗin dangi. Wani ya turo hoton itace daga gida, sai ga manyan mutane masu gemu, 'ya'yan manoma jikokin manoma, suna gardama kanya ce ko tsamiya. Ɗinya ce. Na yi ta tsaki ni kaɗai a ɗaki. A garinmu kowane babban itace yana da suna, da shi ake kwatance, da shi ake tuna shekarar da aka yi kaza. Na ce kafin tsofaffi su ƙare su tafi da sunayen, bari in tattara su wuri ɗaya, yadda ɗan da aka haifa a Legas zai buɗe waya ya ga inda kakansa ya yi kiwo. Niyyata ke nan, kuma har yau ban ga aibin niyyar ba.

Na ɗauki hutu na tafi gida a bazara. Gwaggo na nema ta raka ni, don ita ce mai ƙafar yawo a gidanmu. Ita da Baffa Uwata suke ce mini, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ba sa iya faɗa.

"Uwata, yanzu don Allah cikin ranar nan za ki fitar da ni in nuna miki itace? Itacen da kika hau kika faɗo?"

"Ba ni zan gani ba, Gwaggo, 'yan birni ne."

"Su zo mana. Mota ta ƙare ne?"

Ta dai yafa mayafi ta biyo ni. Da na nuna mata garin daga sama, gonaki sun yi fari fat, itatuwa baƙi-baƙi a warwatse kamar an zubar da wake a tabarma, sai ta karɓi wayar ta kai ta dab da hanci. Ta gane masallaci, ta gane rijiyar maƙera, ta gane rufin ɗakinta. Ta tambaye ni ina akuyarta. Na ce hoton ya daɗe. Ta ce to ko wane ne ya ɗauka bai yi sallama ba.

Kwanaki muna yawo. A gindin kowane itace sai in tsaya in danna, in ɗauki hoto, in rubuta sunansa, da gonar da yake ciki, da mai shi, sannan in kunna abin ɗaukar murya Gwaggo ta yi bayani. Wani bayanin na gaske ne, wani gulma ce zalla, sai na ce ta sake. Muka je kukar bakin hanya da mata ke hutawa in sun dawo daga kasuwa, muka je tsamiyar da ba a wucewa ta gindinta da azahar, ba kuma wanda ya san dalili. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, ina ɗaga waya sama ina zagaye. Manoma masu kai taki a kan jakuna suna tsayawa suna kallona, suna tambayar Gwaggo ko lafiya. Tana ce musu lafiya lau, boko ne.

Ɗorawarta muka bari ƙarshe. Mun iske Baffa a gindinta, ya jingina da saiwa yana tufkar igiya. Lokacin ƙafa ta fara ba shi wahala, ya daina noma, amma ba ya iya wuni bai je gona ba. Itacen ya yi nauyi da 'ya'ya, iska tana kaɗa su suna ƙara. Muka durƙusa muka gaishe shi. Na yi masa bayanin abin da nake yi, ya ce Allah ya yi albarka, ko da yake na san bai gane ba, kuma bai damu ya gane ba. Na danna, na ɗauki hoto, na kunna murya, na yi tambayar da na yi a gindin kowane itace.

"Gwaggo, wannan ɗorawar ta waye?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta Yaya ce."

Baffa ya ɗago daga inda yake zaune. "Ji ta da wata magana. Uwata, sa sunanta."

"Ina ni ina itace Yaya yana zaune? Gonarsa ce, inuwarsa ce. Ni dai ana sam mini in ɗan taɓa."

"To Allah ya shirye ki," in ji Baffa yana dariya, ya koma kan igiyarsa.

Wanda ba a gidanmu ya tashi ba zai ce musu aka yi aka gama. Ba musu ba ne, kara ce. A gidanmu ƙarami ba ya cewa nawa a gaban babba, ko da rigar jikinsa ce. In aka zuba wa mutum biyu tuwo da tsoka ɗaya, tsokar za ta koma madafa, kowa yana tura wa ɗan'uwansa. Ta ce tasa ce don ta girmama shi, ya ce tata ce don ya nuna ya sani, kowa ya ji daɗi, gobe Gwaggo ta zo da gorarta. Haka suke yi tun kafin a haife ni.

Ni ma 'yar gidan ce. Ina tsaye da waya a hannu, gurbin suna ɗaya ne, su biyu suna gabana. In na sa sunan Gwaggo bayan ta faɗi abin da ta faɗa, na ƙaryata ta ke nan a gaban yayanta, ko kuma a ce ina rabon gado mutum yana raye yana tufkar igiya. Na rubuta sunan Baffa. Ban ji na yi ƙarya ba ko kaɗan, ji na yi na ƙara gaishe shi. Da na saurari muryar a gida, maganar Gwaggo ta fito tas don tana kusa da ni, ta Baffa kuwa iska ta tafi da ita, sai dariyarsa kawai ake ɗan ji daga nesa. Dariyar ta yi mini daɗi, na bar abin yadda yake.

Ranar da na tura taswirar guruf, wayata ba ta huta ba. Na Legas, na Fatakwal, wata da ke aure a Jidda, kowa yana turo addu'a. Wani ya ce ya nuna wa 'ya'yansa kukar da ya faɗo daga kanta ya karye. Wata ta turo murya tana kuka, ta ga rijiyar da mahaifiyarta ke ɗebo ruwa. Aka tura wa 'yan ajinmu, aka tura wa 'yan garinmu mazauna birni, har mutanen da ban sani ba suna neman in koya musu. Kaina ya yi girma. Ko ina tsakiyar girki sai na buɗe na duba ko masu kallo sun ƙaru. Da na gaya wa Gwaggo har Jidda an ji muryarta, ta riƙe baki ta ce da na gaya mata da ta yi magana irin ta mutanen kirki.

Cikin masu yabo har da babban ɗan Baffa, wanda muke kira Alhaji. Shi tun yana ƙarami aka kai shi birni karatu wajen kawunsa, a can ya girma, a Ungogo ya yi gida. Gari sai da salla yake zuwa, ya kwana ya koma. Mutumin kirki ne, mai zumunci, ba ya zuwa hannu rabbana. Ya rubuto: "Ƙanwata, Allah ya biya ki. Wallahi ban san Baba yana da itatuwa haka ba." Na tura masa alamar dariya.

Baffa ya rasu bayan 'yan shekaru, da kaka, ana tsakiyar yankan dawa. Aka raba gado, gonar mai ɗorawa ta faɗa wa Alhaji da ƙannensa, suka ba wani maƙwabci yana nomawa. A daidai wannan lokacin masu injin yanka itace suka fara shigowa yankinmu daga birni. Gidajen burodi suna neman itace, masu gawayi suna nema, su kuma ba ruwansu da ƙananan darbejiya, manyan tsofaffin suke bi. Inna, mahaifiyata, takan kira ni ta ce an sare kaza, an sare kaza. Sai in buɗe taswira in mayar da ɗigon daga kore zuwa ruwan toka. Abin yana damuna, amma irin damuwar mai kallo daga nesa.

Wata safiya Inna ta kira, ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"An shafa wa ɗorawar Gwaggonki jan fenti."

Na san ma'anar jan fenti, haka masu inji ke yi wa itacen da suka saya. Na ce wa ya sayar? Ta ce wa zai sayar in ba mai gona ba.

Na bar aiki na hau adaidaita sahu zuwa Ungogo. Gidan Alhaji yana inda a da gonaki ne, har yanzu ana ganin tsofaffin kunyoyi a filin da ke kusa da shi, an kakkafa duwatsun fulotai a kai. Na iske shi a ƙofar gida yana kallon magina. Ban tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Alhaji, ɗorawar Gwaggo ka sayar?"

"Wace ɗorawar Gwaggo? Ta gonar Baba dai. Mai noman ya ce inuwarta tana kashe gero, ga saiwa ta hana garma wucewa. Masu inji suka zo, na yi shawara da ƙannena."

"Ba ta Baffa ba ce. Kaka ne ya ba Gwaggo. Kowa ya sani."

"Kowa wa?"

Bai yi fushi ba, mamaki ne a fuskarsa. Ya ciro waya, ya buɗe taswirata, ya taɓa ɗigon. Ga hoton da na ɗauka, ga sunan mahaifinsa da na rubuta. Ya danna murya. A nan bakin titi, tsakanin bulo da yashi, sai ga Gwaggo tana cewa ta Yaya ce, ina ni ina itace, ni dai ana sam mini.

"Ke kika rubuta, ita ta faɗa. Duk da haka ban tsaya nan ba, sai da na kira ta. Na ce Gwaggo, ga abin da muke so mu yi, ko kina da magana? Ta ce ai taku ce, Allah ya sa albarka. To me zan yi bayan wannan?"

Na ce kara ta yi masa. Ya ce ya san kara, shi ma Bahaushe ne, amma kara a kan abinci ake yi ba a kan dukiya ba. In mutum yana da haƙƙi sai ya faɗa, addini ma bai hana ba. A bakinsa maganar daidai take. Ni kuwa sai na koma ɗaga murya, har maginan suka daina aiki. Ƙarshe ya ce in Gwaggo ta ce tata ce, da bakinta, a yau zai kira masu inji ya warware cinikin, ko me za su ce. Kuma na san zai yi.

A mota, a hanyar gida, na buɗe taswira na goge sunan Baffa na sa na Gwaggo. Ban kai Zakirai ba wani ƙanin Alhaji ya turo hoton tsohon rubutun a guruf, yana tambaya me ya sa ake canza magana bayan mutum ya mutu.

Na iske Gwaggo a tsakar gida tana tsince ragowar kalwar bara a faifai. Ta dube ni ta ce yau ba ranar hutu ba ce, wa ya rasu? Na zauna a bakin tabarmarta na gaya mata duk yadda muka yi da Alhaji. Na ce kalma ɗaya ake nema. Ga waya, in kira shi, ta ce tawa ce, shi ke nan.

Ta ci gaba da tsintar tsakuwa tana jefarwa.

"In ce masa me? Ɗan Yaya ne fa. Jiya-jiya muka binne Yaya, a ji ni ina jayayya da marayunsa a kan itace?"

"Marayu masu gemu, Gwaggo? Ba jayayya ba ce. Shi ya ce ki faɗa."

"Da wane bakin?"

"To da ya tambaye ki, me ya sa kika ce tasu ce?"

Sai a nan ta ajiye faifan.

"Me zan ce, tunda ya tambaya? Ubansa ya ƙare rayuwarsa yana noma gindinta, bai taɓa tambayata ba."

Na ce bai sani ba ne, abin da ya gani a taswira shi ya bi. Na ce ai na riga na gyara, na sa sunanta. Ta ɓata rai irin ɓacin da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Mayar da shi yadda yake. Yanzu-yanzu, ina kallo. So kike a ce na aike ki ki goge sunan Yaya?"

Na yi kuka, na yi roƙo, na yi faɗa. Na ce da me za ta ci? Ta ce da abin da kowa ke ci. Na ce wannan ba kara ba ce, taurin kai ne. Ta ce in rage murya akwai maza a zaure. Na mayar da sunan Baffa tana kallo, kuma da yake ba ta karanta boko, sai da ta sa na rantse.

Na je wajen Inna, ta ce ita matar gida ce, ba ta shiga gadon dangin miji, ga shi mahaifina da zai yi magana ya riga Baffa tafiya. Na je wajen mai unguwa, dattijo ne da ya ci tuwon bikin Gwaggo. Ya ce tabbas tata ce. Na ce to ya faɗa wa Alhaji. Ya ce, "Malama, mai abu ta ce ba nata ba ne. In na ce nata ne, na ƙaryata ta. Ni ba zan ƙaryata ta ba." Duk garin sun sani, duk garin suna taya ta kara. Na kira Alhaji na gaya masa abin da mai unguwa ya ce. Ya ce shi maganar Gwaggo yake jira, ga ƙannensa sun taso shi gaba, suna ganin ni ke kitsa abin. Ya jira, gaskiya ya jira, har masu inji suka fara yi masa zarya. Ba ta kira ba.

Lokacin da suka zo itacen yana cikin fure. Wanda ya san ɗorawa ya san furenta, jajaye mulmulallu suna reto a kan dogon zare, ƙudan zuma suna ta kai-komo. Saura kaɗan ta yi 'ya'ya. Ina gida ranar, na zo ne da niyyar sake gwada Gwaggo. Da hantsi muka ji injin ya tashi. Daga gidanmu zuwa gonar akwai 'yar tafiya, amma sai ka rantse a bayan ɗaki ake yi. Matan gida kowacce ta shige ɗakinta. Gwaggo ta ɗauki tsintsiya ta shiga share tsakar gidan da aka riga aka share. Can ta ajiye, ta dama fura a babbar ƙwarya, ta rufe da faifai ta miƙo mini.

"Kai musu. Baƙi ne a gonar Yaya, rana ta yi."

Na so in watsar da ita a ƙasa. Na karɓa na kai. Sun riga sun sauke manyan rassa, furanni sun baje a kan kunyoyi, awakin unguwa sun taru suna ci. Mutanen suka karɓi furar da hannu biyu suna sa wa mai ita albarka, ɗayansu yana cewa bai taɓa ganin ɗorawa mai kaurin wannan ba, sai sun yi sawu da yawa kafin su kwashe. Ba su da laifi, aiki suke. Ina tsaye riƙe da faifai ɗorawar ta faɗi. Ƙasa ta girgiza a ƙafata, ƙura ta tashi, haske ya buɗe a tsakiyar gonar inda ban taɓa ganin rana ta sauka ba. Na koma da ƙwarya wayam. Gwaggo ta tambaye ni ko sukari ya ji, na ce ya ji.

A shekarar ta sayi kalwa a kasuwar Zakirai. Ta dafa, ta rufe, ta buɗe, ta ce ba ta yi ba, wai kalwar kudu ce ba ta da mai. Ni na ɗanɗana a miya, ban ji bambanci ba. Da shekara ta zagayo ba ta saya ba. Ta ba maƙwabciya aron babbar tukunyarta, ba ta sake tambaya ba. Yanzu mu ke yi mata aike, ni da 'yarta da Alhaji. Shi ya fi mu yi, shinkafa da azumi, atamfa da salla. In saƙonsa ya zo sai ta sa a kira mata shi, ta yi ta godiya tana maimaitawa, har da ɗan rusuna wa waya. Na taɓa zama kusa da ita tana wannan godiyar, sai da na tashi na fita, don zuciyata ba ta ɗauka ba.

Alhaji daga baya ya yarda. Ban san wa ya gamsar da shi ba, wataƙila tsofaffin da yake zagayen gaisarwa in ya zo salla. A wani biki ya ja ni gefe ya ce, "Da ta faɗa mini, wallahi da ko ganye ba a taɓa ba." Na ce na sani. Da mugu ne da na samu wanda zan tsana in huta. Muna gaisawa, muna zumunci, amma wasan da muka saba ya mutu.

Na yi nadamar taswirar nan, kuma ina yi. Ba don na tara sunayen itatuwa ba, wannan ko gobe zan sake. Abin da ke cina shi ne maganar da aka yi a inuwa, tsakanin wa da ƙanwa da suka san abin da suke nufi, ta tashi ta isa kunnen mutanen da ba su da komai sai abin da suka ji. A gindin itacen ladabi ce, da ta isa Ungogo ta zama shaida. Sau da yawa na yi niyyar goge taswirar gaba ɗaya, sai in tuna a cikinta ne kaɗai dariyar Baffa ta rage.

Zuwana gida na baya-bayan nan, bayan azahar, muna zaune a rumfar ƙofar ɗakinta, tana ɓarar gyaɗa don ta samu abin yi. Idonta ya yi rauni, ba ta zuwa gona. Tun ranar da aka yi saran ba mu taɓa tayar da zancen ba. Haka kawai ta ce:

"Uwata, abin nan naki mai ɗaukar magana, yana nan?"

Na ce yana nan.

"Kunna."

Na kunna na matso da wayar. Ta kakkaɓe zaninta, ta gyara zama, ta yi gyaran murya kamar mai shirin magana a gaban alƙali.

"Ɗorawar nan tawa ce. Baba ne ya ba ni, ana gab da sa ni a lalle. Ya kai ni gona, ya kama hannuna ya ɗora a jikinta, ya ce ko miji ya ƙi ki wannan ba za ta ƙi ki ba. Tawa ce. Ban sayar ba, ban kyautar ba."

Na kashe. Na buɗe taswira, na nemo ɗigon, na ce bari in ɗora a kai yanzu, in sa sunanta, kowa ya ji.

Ta miƙo hannu ta dafe wayar.

"Kul. Ke dai ki ajiye. In Alhaji ya ji ba zai ji daɗi ba, yaron nan yana ƙoƙari."

Ta jawo ƙwaryar gyaɗa ta ci gaba da ɓara. Maganar tana cikin wayata, ba wanda ya ji ta sai ni. A taswira har yau sunan Baffa ne.